Motar da Sikeli Bai Gama Ba

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina shanya a bayan ɗaki. Na matse rigar aikinsa ke nan, mai ruwan toka wadda giris ya ƙi fita daga aljihunta, sai na ji sallama a bakin ƙofa da muryar da ban saba ji a gidanmu ba. Na leƙa, na ga tsohon nan da ke yanka wa maigidana ƙarfe da inji, can bayan tashar manyan motoci. Shekara ashirin suna hulɗa, bai taɓa tako gidanmu ba. Yana riƙe da wata baƙar leda da hannu biyu kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

Ya ce, "Uwargida, ki zauna tukuna."

Na ce, "Faɗi kawai, Baba. A tsaye ma zan ji."

Ya ce maigidana ya je wurinsa da sassafe, ya ba shi awon abin da yake so, ya zauna a benci yana jira. Da ya kashe inji ya juyo zai miƙa masa aikin, sai ya tarar ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Sun kai shi asibiti, amma likita ya ce tun a bencin rai ya yi halinsa.

Na karɓi ledar na ɗora a kan kabad. Na koma na ƙarasa shanyar, don ban san me kuma zan yi da hannuna ba. Kafin azahar gida ya cika, kuma ya yi kwana bakwai a cike. Ledar tana nan inda na ajiye ta, ban buɗe ba.

Maigidana bakanike ne, amma ba kowace mota yake taɓawa ba. Aikinsa shi ne ɗaga motocin shiga daji, ya ƙara musu tsayi don kada cikinsu ya riƙa dukan dutse ko ya zauna a laka. Ɗagawar ba wuya, in ji shi, kowa ya iya sa dogon sifirin. Inda ake gane gwani shi ne abin da ke biyo baya. Akwai dogon ƙarfe a ƙarƙashin mota mai juyawa, yana ɗauko ƙarfi daga giyabos ya kai wa tayoyin baya, farfela suke ce masa. Tana da gwiwa biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya inda ta shiga hancin aksul. Da ka ɗaga mota, gwiwoyin nan sun canja tsayuwa. Yakan ce mini, "Yadda ta gaba ta lanƙwasa, haka ta baya za ta lanƙwasa, ba daɗi ba ragi. In ɗaya ta fi ɗaya, sun fara gardama ke nan, kuma ba sa dainawa sai ɗaya ta karye. A ina za ta karye? A tsakiyar daji, inda ba mai taimakon mutum."

Maganin abin weji ne, ɗan ƙarfe kamar bakin gatari, gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya siriri. A cusa shi tsakanin sifirin da aksul, hancin ya ɗan ɗaga ko ya ɗan sunkuya. Digiri biyu, digiri uku, abin da ido ba ya kamawa. Yana da ma'auni mai mayen ƙarfe da yake mannawa, kuma ba ya awo sai ya loda wa mota buhunan yashi daidai nauyin kayan da mai ita ke ɗauka, don mota mai kaya da mota fanko tsayuwarsu ba ɗaya ba ce. Ni aji huɗu na tsaya a makaranta, amma wannan karatun na sha shi shekara ashirin da shida, kullum a kan kwanon abinci.

Sikeli ake ce masa, wai jikinsa ya fi ma'auni. Zai zauna a mota ya taka ta zuwa sittin, ya ce hancin ya ɗaga da digiri ɗaya da rabi, a koma a auna a tarar haka ne. Kunnensa ya yi nauyi tun yana saurayi saboda ƙarar injin gurza ƙarfe, kowa ya san wannan. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni da tafin ƙafa nake ji." Saboda tafin ƙafar nan mutane ke zuwa daga nesa, kuma ba a taɓa dawo masa da mota an ce tana rawa ba.

Shekara tara kafin rasuwarsa ciwon suga ya kashe masa tafin ƙafar. Ranar da muka gane, ya dawo gida ya cire takalmi sai ga jini, ƙusa ta shige shi tun safe bai sani ba. Daga baya hannayen ma suka bi. Yana iya riƙe sifana, amma abin da sifanar ke gaya masa ba ya isowa.

Wata la'asar ya shigo da wata doguwar mota ya tsaya a ƙofar gida, ya ce, "Ɗauko mayafinki ki raka ni. Ki zo da kofin silba, ki cika shi da ruwa." Na shiga na zauna. Ya ce in cire takalmi in shimfiɗa tafin ƙafata a ƙasan motar, in ɗora kofin a gwiwa. Muka bi doguwar hanyar nan ta bayan kamfanin siminti. Da allurar gudu ta kai sittin ya ce, "Me kika ji?"

Na ce, "Kamar ƙudan zuma a cikin ƙashina. Ruwan ma ga shi yana zobe-zobe."

Ya yi dariya har da dukan sitiyari. Ya koma ya canja weji, muka sake fita washegari. Ya ce, "Me kika ji?" Na ce, "Ba komai." Sai ya buga sitiyari sau biyu da tafin hannu, ya ce, "An gama."

Tun daga nan babu motar da ta bar garejinsa ban shiga ba. Mutanen layi suka ɗauka soyayyar tsufa ce. In sun ga mun fito sai su ce, "Sikeli zai kai amarya shan iska." Ƙanensa, autan gidansu, wanda ke aiki tare da shi tun yana ɗan shekara sha biyar har ya yi furfura a gemu, yakan tare ni a bakin gareji ya ce, "Matar Yaya, ni yaushe za a ɗauke ni yawon nan? Ko sai na sa jan baki?" In ce, "Fara wanke wuyanka tukuna." Maigidana yana ji yana murmushi, amma a hanya ya sha gaya mini, "Ko Auta kada ya ji. Ranar da aka san ƙafar Sikeli ba ta ji, ranar an rufe garejin." Na ce na ɗauka. Kuma na riƙe.

Rana ta takwas da rasuwar, mutane sun ragu, ina zaune a tsakar gida ban ma san me nake kallo ba, Auta ya shigo. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce ya buɗe gareji, don zama ba ya dawo da wanda ya tafi. Ya ce likitan dabbobin nan da ya kawo farar motarsa zai zo ɗauka da azahar, gobe zai shiga daji allurar shanu, sai ya yi wata guda.

Na ce, "An gama ta ne?"

Ya ce, "Yaya da kansa ya ɗaure notinta ranar Litinin. Na sauke buhunan yashin, na wanke ta, na duba ƙasa, hancin yana kallon giyabos tsaf. Aikinsa na ƙarshe ke nan, kin ga ya bar shi a kammale."

Ya tashi ya fita. Na gaji a lokacin irin gajiyar da ko ɗaga kofi aiki ne. Amma na tuna ranar Litinin ɗin, yana wanke hannu kafin cin abinci, ya ce, "Wejin digiri shida ya yi wa motar likita yawa. Laraba ki shirya, za mu sha iska." Larabar da bai gani ba.

Na tashi na sauko da ledar. Hularsa ce a ciki, da wayarsa, da tabarau, da kwalin maganinsa. A ƙasa, naɗe a tsohuwar jarida, weji biyu sababbi, har yanzu da ƙurar inji a jikinsu. An rubuta 3 da alli a kan kowanne. Lamba dai ina karantawa.

Na daɗe zaune da su a cinya. In na yi shiru, motar za ta tafi, ta yi ta rawa a hanya, wata rana gwiwar ta karye wa bawan Allah a inda ba gari, a ce ai aikin Sikeli ne na ƙarshe. In kuma na je na ce ba a gama ba, Auta zai ce ta yaya na sani, ni da ban taɓa riƙe sifana ba. Wejin kaɗai ba zai ishe shi ba, garejin cike yake da irinsu. Sai na faɗi abin da aka ce kada in faɗa. Na juya ta nan, na juya ta can, duk inda na bi sunansa ne zai taɓu. Babbar 'yata ta ga ina neman mayafi ta ce, "Mama, ina za ki a wannan halin?" Na ce, "Wurin aikin babanki. Miƙo min kofin silba."

Garejin yana nan yadda yake, ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, tulin tsofaffin tayoyi, bencinsa da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Farar motar tana tsaye a bakin ƙofa tana ƙyalli, ta yi tsayi har sai mutum ya kama ƙarfe kafin ya hau. Likitan ya riga ya iso, wani dogo mai sanyin magana. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce shi dai ya yi sa'a hannun marigayi ya taɓa motarsa.

Na ce, "Auta, zo mana."

Muka shiga ɗakin ajiyar kaya, inda warin tsohon mai ke shaƙe mutum. Na warware jaridar na nuna masa. Ya juya wejin a hannu ya ce, "Na wata motar ne wataƙila. Matar Yaya, ki koma gida ki huta, rana ta yi zafi."

Na ce, "Na wannan motar ne. Ya ce shida ta yi yawa. Kuma ba a gwada ta ba."

"Ya gwada mana. Na ga ya fita da ita ranar Litinin."

"Ya fita shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"To ba a gwada ta ba."

Ya dube ni kamar baƙin ciki ya taɓa mini kai. Sai na gaya masa. Na gaya masa ƙusar, da jinin, da kofin, da abin da shan iskar nan yake nufi. Ban ƙawata ba, ban kuma rage ba. Ina magana ina jin kamar ina tuɓe wa mutum riga a kasuwa.

Auta ya zauna a kan wani tsohon batir. Can ya ce, "Shekara tara. Ni da nake miƙa masa sifana. Ina gani tana suɓuce masa, in ce tsufa ne." Ya share fuska da gefen riga. "Da ya gaya mini mana. Ni ba ɗan'uwansa ba ne? Da na zama ƙafarsa."

Na ce, "Kai kake cewa duk duniya babu kamar Yaya. Bai so ka daina faɗa ba."

Ya ce, "Ke kuma kika iya rufe baki haka, ke da ko kuɗin cefane ba kya iya ɓoyewa."

Na ce, "Yau dai ga shi na buɗe. Mayar da yashin."

Buhu goma sha biyu ne, shi kaɗai ya mayar da su, bai yarda likita ya taɓa ba. Na cika kofin a famfon bakin gareji. Da ƙyar na hau motar. Auta ya kama sitiyari, likita ya zauna a baya. Na cire takalmi, na shimfiɗa ƙafa, na ɗora kofin a gwiwa. Kujerar direba kawai na ƙi kallo.

Likita ya ce, "Wannan kofin fa?"

Auta bai ko juya ba ya ce, "Haka muke gwaji a gidan nan, likita. Sirrin sana'a ne, ba a tambaya."

Muka bi ta bayan kamfanin siminti. A arba'in ba komai. A hamsin ba komai. Da allura ta taɓa sittin sai ga ƙudan zuman nan, sun taso daga dunduniya sun hau ƙauri. Ruwan ya fara zobe, ƙanana ƙanana, suna haɗuwa a tsakiya.

Na ce, "Ga ta nan."

Auta ya ce, "Tayoyin ne. Sababbi ne, masu manyan haƙora, dole su yi gurnani."

Na ce, "Ɗaga ƙafarka daga totur."

Ya ɗaga. Motar tana gudu yadda take, tayoyin suna gurnaninsu, amma ruwan ya kwanta.

"Taka."

Ya taka. Zoben ya dawo.

Na ce, "Taya ba ruwanta da totur. Haka yayanka ya ce."

Ya sake ɗagawa ya sake takawa, sau uku, yana satar kallon kofin. Sannan ya zare ƙafarsa ta hagu daga silifa ya dafa ƙasan motar da ita. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce a hankali, "Ashe ana ji." Ya nemi wuri ya juya.

Aikin ya ci awa biyu da wani abu. Na zauna a bencin maigidana ina kallon ƙafafun Auta da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Ya sa jak, ya kwance notin, ya zare wejin nan masu digiri shida ya jefo su waje, suka yi ƙara a siminti. Ya cusa na ukun. Ya sauke motar a kan tayoyinta da yashin a ciki, ya manna ma'aunin a gaba, ya karanta, ya manna a baya, ya karanta. Na ji yana magana shi kaɗai a ƙasa, "Na auna ta fanko, kuma hancin kaɗai na duba. Da Yaya na nan da na sha zagi." Likita ya je ya sayo mana ruwan sanyi, ya ce shi ba ya sauri, gara a daɗe a nan da a kwana a daji.

Rana ta yi sanyi muka sake fita. Arba'in, hamsin, sittin, har saba'in. Ruwan yana kwance kamar a randa. Ƙafata ba ta ji komai ba sai ɗumin ƙarfe.

Auta ya ce, "Matar Yaya, yaya?"

Na ce, "Ba komai."

Na tsaya ina jiran a buga sitiyari sau biyu. Auta bai san da wannan ba, ya ce alhamdulillahi kawai ya rage gudu. Na ɗauka in motar ta gyaru zan ji wani nauyi ya sauka. Ban ji ba. Gajiya ce dai ta ƙaru, har na rasa yadda zan mayar da ƙafata cikin takalmi. Na zuge gilashi na zubar da ruwan a gefen hanya yadda na saba.

Likita ya tafi da motarsa. Bayan wata biyu ya biyo ta garejin ya ce ko ƙwarzane ba ta yi ba, Allah ya jiƙan Sikeli, hannunsa daban ne. Auta ya ce amin, bai ƙara komai ba. Shi ya zo ya gaya mini.

Sau biyu Auta yana zuwa da mota ƙofar gida, ya ce, "Matar Yaya, a zo a sha iska. Na wanke wuyan." Na farko na bi shi. Na biyu na ce a'a. Ba zan iya zama a wannan kujerar ina kallon wani hannu a sitiyari ba. Na ɗauko kofin silbar na ba shi, na ce ƙafarsa lafiya lau take, shekara talatin ne bai tambaye ta komai ba don akwai mai ji a gidan. Ya karɓa. An ce yanzu yana nan rataye a ƙusa kusa da ma'aunin, kuma in zai fita gwaji ba takalmi yake tuƙi, mutanen layi suna masa dariya.

Shekara huɗu ke nan. Ina da ɗan tebur a kasuwa, ina sayar da zare da maɓalli da zik. Kullum da safe ina shiga bas daga bakin layinmu. In na samu wuri na zauna, sai in zare ƙafata ta dama daga takalmi a ƙarƙashin zani, in dafa ƙasan motar. Wata lafiya lau, wata tayoyinta ne, wata kuwa gwiwoyinta suna gardama tun daga tasha har kasuwa. Ba na gaya wa direba. In mun iso in mayar da takalmina in sauka.